Benci Arba'in

Na sayo katako a Na'ibawa, bashi ne,
maɗaci ja, mai nauyin gaske.
Alhaji Sabitu ya ce, "Kefas, ai kai ne, ɗauka."
Benci arba'in dattawan ikilisiya suka ce in yi.
Na soke fensir a bayan kunne,
na kama jan zarto har da 'yar waƙa.

Ina kan na sha takwas saƙo ya iso:
kwamiti ya zauna,
kujerun roba za a kawo daga Legas,
sun fi araha, ba su da wuyar ɗauka.
Ɗan aiken bai ko zauna ba.
Ya ce in yi haƙuri, wai Allah ya sani.

To, ka sani.
Ka san shekarar da na je Bompai da takarduna,
aka karanta sunana, aka ɗago kai:
"Kefas Ɗanjuma? Anya ɗan Kano ne kai?"
Na ce a Rano aka yanke mini cibi.
Aka ce za a kira ni.
Gemuna ya yi furfura, kiran yana hanya.
Nan Sabon Gari kuma mai kayan gyaran mota
"aboki" yake ce mini,
ya saki baki ran Lahadi da ya gan ni
da 'yar shara da hula, a layin Jibin Ubangiji.
Can baƙo, nan baƙo,
a garin da na san kowane lungu da ƙafa.

Ka san Fibi da cikin wata bakwai,
da ɗan akwatin da na haɗa cikin dare,
ko ƙusa ɗaya ban bari ta karkace ba.
Wata uku ban ce maka uffan ba.
Ina zuwa sujada, in miƙe da masu miƙewa,
baki yana motsi, ba kowa a gidan.

Ƙanena Safaniya ya hau mota a Unguwa Uku,
ya leƙo ta taga:
"Yaya, Jos akwai aiki, akwai namu.
Me ka binne a garin nan?"
Daren nan na durƙusa neman izini.
"Tafi" na so in ji.
Abin da na ji, in har ji ne, shi ne "zauna".
Ba dalili, ba alkawarin riba.
Na zauna ina ƙunƙuni
kamar jakin da aka ɗaure a gidan da ba dusa.

Masu wa'azi na cewa biyayya zuma ce.
Tawa dai goga samfefa ce:
hannu ya yi kanta, gari ya shiga ido,
ba ka ganin abin da ya sake
sai ka shafa.

Yau da safe na koma Na'ibawa,
na faɗa wa Alhaji Sabitu gaskiya.
Ya yi shiru, ya ja carbi biyu,
ya ce, "Riƙa kawowa kaɗan-kaɗan.
Ba ka taɓa yi mini ƙarya ba."
Na fito, kunya da godiya sun tokare mini maƙogwaro.

Benci sha bakwai, ga su jingine da bango.
Mai shayin kan kwana ya ɗauki biyu a rabin kuɗi.
Ɗaya Fibi ta ja ƙofar ɗaki,
tana tsintar shinkafa a kai.
Na sha takwas yana nan da ƙafa uku,
ba wanda ya ce in gama shi.

Yesu, an ce kai ma ka riƙe zarto.
Ka san ƙamshin katako sabon yanka,
ka san kuma nauyinsa a kafaɗa.
Ban gane lissafinka ba,
ba kuwa zan yi kamar na gane ba.
Sai dai sunan da aka kira ni da shi a bakin ruwa
ba kwamiti ne ya ba ni ba.

Riƙe mini wancan gefen.
Bari in buga ƙafa ta huɗu
tun da sauran haske.